Na Fita Gandu Masara na Tsaye

A makon da mutanen Sikotlan suka jefa ƙuri'a a kan ko su ɓalle daga Birtaniya, a makon ni ma na fita gandun gidanmu. In na faɗa wa mutane haka sai su yi dariya, su ce me ya haɗa malamin firamare na Kagarawal da Turawan da ke can ƙarshen duniya. Su yi ta dariyarsu, ni dai na san abin da ya haɗa mu.

Gidanmu yana Kagarawal, gonarmu kuma tana kan hanyar Kwadon. Tun da mahaifinmu ya rasu ba a raba ta ba. Gandu muke yi ni da yayana, wanda muke kira Hamma: noma ɗaya, sito ɗaya, tukunya ɗaya, matata da tasa suna karɓar girki kwana bibbiyu. Mahaifiyarmu, Dada, tana ɗakinta a tsakiyar gida. Makullin sito yana aljihun Hamma, shi ke auna abin da za a ci kowace safiya. Ni abin da nake da shi na kaina 'yar gayauna ce a gefen gona, sai albashin da yake zuwa ranar da ya ga dama. Shekara tara muna haka ban taɓa ɗaga masa murya ba.

A tsakiyar daminar nan ne yayar matata ta iso. Adda muke ce mata. Daga wani gari na kudancin Barno ta fito, bayan 'yan bindiga sun shiga sun kashe mijinta a bakin shagonsa. Kwana uku ta yi a ƙafa da 'ya'yanta mata biyu kafin su sami babbar mota. Da wayar wani ta kira mu daga tasha. Da na je ɗauko ta ban gane ta ba, wallahi, sai da ta yi magana. Ƙafafunta sun kumbura har silifas ba ya shiga. Dada da kanta ta dafa ruwa ta gasa mata su, tana yi tana share hawaye da gefen mayafi. Muka ba ta ƙaramin ɗakin da ke jikin nawa, ta shiga takaba.

Mako uku Hamma bai ce uffan ba. Rannan bayan sallar asuba ya tsayar da ni a zaure.

"Malam," haka yake kirana tun da na fara koyarwa, rabi girmamawa rabi ba'a, "baƙuwar nan sai a kai ta sansanin 'yan gudun hijira."

"Hamma, takaba fa take yi."

"A can ma ana takaba."

Ba zan ɗora masa sharri ba, tsoronsa yana da tushe. Lokacin garin ya rikice, shingen bincike ko'ina, kowa na kallon baƙo da gefen ido. A layin bayanmu jami'an tsaro sun zo sun tafi da wani mai gida saboda ɗan hayar da ya sauka a gidansa, sai da ya yi watanni kafin a gan shi. Hamma ya ce shi ne babba, in an zo shi za a fara kamawa. Ya ce kuma sito ba zai ɗauki baki uku ba sai sabon amfani ya shigo gida. Na ce a rage daga rabona. Ya dube ni ya ce, "Wane rabon? A gandu babu rabonka, babu rabona."

Shekara tara ina duƙe a gonar nan, ashe ko mudu ɗaya ba ni da ikon ba wa wanda na so.

An ɗage komawa makaranta a shekarar saboda cutar Ebola, don haka kullum ina gona. Nakan rataye rediyona a reshen tsamiyar da muke hutawa, kuma a kwanakin ba a gama labarai ba a tabo Sikotlan ba. Da farko ban kula ba. Abin da ya fara jawo hankalina shi ne babu bindiga a maganar. Mu nan wasu suna yanka mutane suna kafa tuta a gari su ce sun yi ƙasa, can kuwa mutane sun shekara ɗaruruwa tare da Ingila, suna so su fita, amma takarda da biro za su ɗauka. Kuma gardamar tasu duk ta tuwo ce. Masu son ɓallewa suna cewa man fetur ɗin da ke tekunsu nasu ne, amma a Landan ake yanke yadda za a kashe kuɗinsa, gwamnatin da ba su zaɓa ba ce ke auna musu. Landan kuwa tana cewa to ku fita, amma da wane kuɗi za ku yi ciniki? Fam namu ne, ba za mu ba ku aro ba. Wa zai biya tsofaffinku fansho? In man ya ƙare fa? Bankuna ma har sun fara cewa za su kwashe kayansu su koma kudu.

Hamma yana kishingiɗe yana ji, ya ce, "Waɗannan ƙoshi ne ya yi musu yawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

Na ce, "Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni."

Ya tashi zaune. Ya san ba Sikotlan nake nufi ba. Ni ma tunda ta fito sai na ƙarasa ta, na ce a raba gandu, a ba ni nawa, in ciyar da wanda na ga dama.

Kai! Da ka ji Hamma a ranar, ka rantse daga Landan aka turo shi. Ya ce shanun huɗa biyu ne, in an raba wa zai yi huɗa da sa ɗaya? Injin ban ruwan da muke noman rani da shi a bakin rafi, da sunansa aka sayo. Dillalan tumatur da albasa na kasuwar Kwadon shi suka sani, ni ko gaisuwata ba sa amsawa da kyau. Ga taki. A shekarun nan taki ya zama abin tuhuma, saboda an ce da shi ake haɗa bam, ba ka wuce shinge da buhu sai da takardar ƙungiyar manoma, takardar kuwa sunan Hamma ke kai. "Da wane suna za ka sayi taki, Malam? Da allon makaranta?"

Na ce fadamar da ake ban ruwan ni na sare ta da hannuna lokacin yana kwance da ciwon baya, ya tuna ko ya manta? Ya ce ya tuna, amma ƙasar ta Baba ce.

Sannan ya zaro wadda ta fi kowace kaifi. A gidanmu, tun kakanni, ba a fita gandu amfani yana tsaye. Sai an girbe, an kai gida, an fid da zakka, sannan dattawa su zauna su raba. Wanda ya yi zuciya ya fita da damina, gumin da ya zuba a shekarar ya bar wa gandu, gayaunarsa kaɗai zai bi. Ga masara ta yi goyo har ta fara bushewa, dawa ta yi ciki, wake ya baje. Shekarar ta yi kyau irin wanda muka daɗe ba mu gani ba.

"Ka jira kaka," in ji shi, "a raba lafiya."

"Adda fa?"

"Ita ba za ta jira kaka ba. Juma'a mai zuwa zan kira keke ya kai ta sansani."

A nan ne na yi wautar da har yau nake jin kunyarta. Rediyo ya cika mini kai, na ce to mu yi yadda Turawan za su yi. Manyan gida biyar ne, ni da shi da matanmu da Dada. A jefa ƙuri'a. In masu cewa a raba sun fi yawa, a ajiye al'ada a ba ni rabona a tsaye. In sun gaza, ba ni da rabo. Hamma ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce ya yarda, ranar Alhamis, ranar da mutanen nawa za su yi tasu. Yadda ya yi saurin yarda ya kamata ya ba ni tsoro, amma ina, ni ina can ina lissafi. Ga tawa, ga ta matata wadda yayarta ce ake shirin kora, ga ta Dada da ta gasa wa Adda ƙafa tana kuka. Uku da biyu. Ban tambayi ko ɗayarsu ba, don a ganina abin a fili yake.

Ana gobe ƙuri'a rediyo ya ce shugabannin Landan sun firgita, sun yi ta alkawarin ƙara wa Sikotlan iko muddin ta zauna. Da yamma sai ga Hamma da nasa alkawarin. Wai zai ƙara mini kadada a gayauna, kuma duk wata zai aika wa Adda hatsi a sansani. Na ce ya riƙe kayansa. Matar da aka kashe wa miji ba hatsi kaɗai take nema ba, ƙofar da za ta rufe ta yi kuka take nema, da 'yar'uwarta a kusa.

Ranar Alhamis bayan la'asar na ajiye ƙwarya biyu a ɗakin Dada na rufe su da faifai. Ta bakin ƙofa a raba, ta gefen gado a zauna. Na ba kowa ƙwayar wake ɗaya. Dada ta juya tata a tafin hannu ta ce, "Auta, yanzu da gemunka kake wasan yara?" Amma ta shiga. Muka bi ɗaya bayan ɗaya, ana sakin labule. Adda tana ɗakinta, ta san abin da ake yi.

Matar Hamma ce ta fito da ƙoren tsakar gida ta buɗe. Ta gefen gado wake huɗu. Tawa ƙwaya ɗaya tal, wadda na jefa da hannuna.

Na dubi Dada, tun ban buɗe baki ba ta ce, "Kada ka kalle ni. Ni na haife ku, ni kuma zan sa hannu in raba ku? Ko mutanen naka na rediyo ba su sa uwa wannan aikin ba." Ta shige ɗaki ta saki labule.

Matata na tarar a madafi tana hura wutar da ta riga ta kama. Na ce, "Ke ma? Yayarki fa, uwa ɗaya uba ɗaya!"

Ba ta ɗago ba ta ce, "Ka tambaye ni?"

"Sai na tambaye ki?"

"Da ka tambaye ni da na ce kada ka sa ni a ciki. In wake uku ya fito a taka, wa za a ce ya jefa? Gobe duk Kagarawal za a ce ta kwaso danginta sun zo sun raba gidan miji. Kai namiji ne, in ka fasa gida a ce zuciya ce. Ni in na fasa, har jikokina sai an goranta musu. Da wane ido zan sake kai wa Dada abinci?" Sai ta ɗago ta dube ni. "Ka ɗauka daɗi na ji? Adda ce ta goye ni."

A nan na gane abin da na yi. Na je na aro dabarar mutanen da kowa ke shiga rumfa shi kaɗai ya zaɓi son ransa, na kawo ta gidan da mace ba ta iya miƙa wa ɗan'uwanta tuwo a gaban dangin miji sai ta sunkuyar da kai. Kunya na sa a gaban ƙwarya na ce ta zaɓa. Laifina ne, ba nata ba, kuma a take na ji haushin kaina ya fi na kowa.

Da safiyar Juma'a rediyo ya ce Sikotlan ta zaɓi zama. Hamma yana shan kunu a bakin zaure, ya ce da ƙarfi yadda zan ji, "To Malam, ka ji mutanenka. Masu man fetur ma sun yi lissafi sun zauna, balle mai gayauna kamar tabarma." Can wajen hantsi na ji ƙarar keke mai ƙafa uku a ƙofar gida.

Adda ta fito da kanta, ba wanda ya kira ta. Tana sanye da hijabin da matata ta ba ta, leda ɗaya a hannu, yaran biyu riƙe da gefen zanenta. Duk abin da ta mallaka a duniya yana cikin ledar nan. Ta durƙusa a ƙofar Dada ta ce, "Na gode, Allah ya saka da alheri, a yafe mini wahalar da na jawo." Ita ce ma take neman gafara! Wallahi a nan wani abu ya tsinke mini.

Na ce, "Adda, koma ɗaki."

Hamma ya miƙe. "Malam, da bakinka ka ce a yi ƙuri'a."

"Na ce, kuma na bi. Ƙuri'a ta ce ba zan fita da rabona ba. To ku riƙe rabon. Masarar, dawar, waken, Allah ya sa albarka. Ni na fita."

"Da damina? Ka haukace?"

"Ko ma na haukace, a gidana zan yi haukana."

Na fita na sallami mai keke na biya shi kuɗin wahalarsa. Na zaga bayan gida na ɗauko duwatsu uku, ɗaya bayan ɗaya, na girka su a ƙofar ɗakina. Kowa na tsaye yana kallo. Sannan na juya wajen matata, na ɗaure fuska, na ɗaga murya yadda har maƙwabta za su ji ta katanga. Na ce, "Ke! Daga yau a nan za ki dafa. Ba shawararki nake nema ba, umarni na ba ki. Kin jefa a zauna, kowa ya gani, ni na ƙi. Wanda ke da magana ya zo ya same ni."

Ta dube ni sau ɗaya ta gane. Ta ce "To" a hankali, kamar wadda aka tilasta. Amma ban taɓa ganin an haɗa wuta da sauri irin na ranar ba.

Hamma ya ce tunda haka ne baƙina ba za su bi ta zaurensa ba, in an zo bincike a san gida biyu ne. Na ce daidai. Na tafi wajen mai unguwa na ce ya rubuta Adda da 'ya'yanta a ƙarƙashin sunana, in akwai kamu ni za a kama. Da aka sauko daga masallaci na ari diga na fasa katangar bayan ɗakina ta wajen lungu. Kafin magariba ina da ƙofa, buhu ne labulenta. Washegari Hamma ya kafa zana ya raba tsakar gida.

Ba zan yi ƙarya in ce abin ya zo da sauƙi ba. Duk abin da Hamma ya faɗa a gindin tsamiya sai da ya faru. Da kaka ina ji ana sauke buhuna a ƙofarsa, masarar da na shuka na yi mata noma biyu, ko zangarniya ban taɓa ba. Abin gayauna bai kai mu ƙarshen sanyi ba. Noman rani ya wuce ni, ba inji ba taki. Na sayar da babur ɗina. Ranakun Asabar na yi ƙwadago a gonakin mutane a Kwadon, iyayen ɗalibaina suna wucewa suna kawar da kai don kada in ji kunya. Akwai ranakun da sau ɗaya aka ɗora tukunya. Amma abin da aka dafa ni na ce a dafa, kuma Adda ta gama takabarta a ɗaki mai ƙofa, da ƙanwarta a gefe.

Mutanen Sikotlan ban ga laifinsu ba. An tambaye su fam da fansho, suka auna suka ga zama ya fi musu, kowa ya san inda rufinsa ke yoyo. Su ba a tsayar musu da mace mai takaba da leda a hannu ba aka ce su zaɓa. Ni aka tsayar wa. Masu cewa da na yi haƙurin wata biyu da na fita da buhuna, ina jinsu. Wata biyun nan a ina za ta yi su?

Bayan an gama kai amfani gida Hamma ya sayi bulo, ya cire zanar ya ja katanga har sama da kai. Dada tana ɓangarensa, don uwa a wajen babba take zama. Da, taku goma ne daga ƙofata zuwa tata, kowace safiya nakan je in durƙusa in gaishe ta kafin in karya. Ranar da maginin ya sa bulo na ƙarshe, da gari ya waye na fita ta ƙofata, na bi lungu, na zaga ta bakin titi, na tsaya a ƙofar zauren da aka raɗa mini suna a cikinsa. Ƙafata ta so ta shige kai tsaye yadda ta saba, na tsayar da ita. Na yi sallama.

Hamma yana ciki, ina jin motsin carbinsa. Ya san muryata fiye da tasa. Amma sai ya ce, "Wane ne?"

Abin ya soke ni har cikin ƙashi, idona ya kawo ruwa. Na gyara tsayuwa, na ce da ƙarfi, "Maƙwabcinku ne. Na zo gai da uwata."

Na tsaya a waje har sai da aka ce in shigo.